Shekarun da Na Yi da Sunanka

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Zuwa ga yayana Gumersindo Bonilla Cuevas, mazaunin birnin Hartford, ɗan fari a ɗakin marigayiya Doña Monserrate: gaisuwa mai yawa, irin wadda ta daɗe tsaye a bakin ƙofa tana jin nauyin ƙwanƙwasawa. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Doña Ada, da 'ya'ya da jikokin da ban san fuskokinsu ba sai a katin Kirsimeti. Ina neman gafara da na kutso cikin zamanka ba zato, bayan shekara goma sha tara da ba ka ji muryata ba, ni ma ban ji taka ba. Na san wanda ya yi shiru tsawon haka ba shi da hurumin buɗe baki sai da kai a sunkuye, kuma ga nawa a sunkuye. Dalilin rubutowata shi ne

Ƙarfe bakwai saura kwata, ranar dai

A nan na tsaya. Kofi ya huce a gabana. Provi, matata, ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta ce gaisuwa ta yi kyau, saura wasiƙar. Tunda na riga na ɓata shafin farko na sabon littafi, bari in mai da shi wurin ajiye kwanaki. Ba mai gani.

Talata, 21 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Bari in tsara lamarin yadda nake tsara rajista a ofis, ko zuciyata ta daina tsalle. Ni Eleuterio, wanda ake kira Teyo, ɗan shekara hamsin da biyar, magatakarda a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na garinmu, na yi wa gwamnati aikin shekara ashirin da bakwai da wata goma. Sabuwar doka ta ce wanda ya cika talatin kafin ƙarshen Yuni zai tafi da cikakken fansho irin na da. Wanda bai cika ba zai ci gaba da ɗumama kujera har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya tashi da abin da bai kai rabi ba. Ƙofa ɗaya aka bari a buɗe: idan mutum ya taɓa yi wa hukuma aikin da ba a cire masa kason fansho ba, yana iya biyan wannan kaso yanzu tare da kuɗin ruwansa, a lissafa masa lokacin. Sayen shekaru ake ce masa, kuma haka mutane ke faɗa a dandali, murya a sake, kamar masu cinikin tumatir.

Saura mini shekara biyu da wata biyu. Ina da su, har da rara. Na yi shekara biyu da wata biyar ina haƙa a maƙabartar gari, tun ina ɗan sha shida. Sai dai ba da sunana na yi su ba.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan tashi daga aiki

Na sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin ginin hukumar gari, inda takardu ke warin ruwan guguwa uku. Bayan awa biyu na same su ɗaure da igiya: takardun biyan leburori, kowace Juma'a da tata. Layi na shida, Bonilla Cuevas, Gumersindo. Wata huɗun farko hannunsa ne, haruffa a tsaye kamar turakun shinge. Daga nan hannu ya sauya. Harafin farko ya yi ciki, ya fitar da wutsiya, ta naɗe sunan duka har sau biyu. Na zauna a kan akwati ina kallon aikin mutumin da ko sunan aro bai iya rubutawa ba sai da ado.

Ga yadda aka yi. Yayana Gumersindo, da muke kira Sindo, shi ne ya sami gurbin, domin shi ya isa jefa ƙuri'a, kuma ya jefa inda ya dace. Da aka zo ɗibar ma'aikata zuwa gonakin taba na Connecticut, can ƙetaren teku, ya hau jirgi. Mama ta yafa mayafinta ta je wurin Don Nicomedes, shugaban leburorin maƙabarta, ta ce gurbin na gidanmu ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma in aka mayar wa magajin gari wani gidan zai ba. Haka kowa ke yi a lokacin. Don Nico ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in an kira Gumersindo in amsa. Na amsa Juma'a ɗari da ashirin da shida.

A can na fara jin yadda ake sallamar makoki, ina jingine da shebur, marigayi malamin makarantarmu yana yabon mamaci yana gode wa jama'a a madadin dangi kafin a zuba ƙasa. Yau shekara talatin ni ake kira. Gawa ɗari huɗu da 'yan kai na tsaya a kansu, ba wadda na maimaita wa baitin wata.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Motar farko na bi zuwa birnin Ponce, duk da haka lamba ta sittin da uku na samu a ofishin fansho. Layin duk irinmu ne, malamai da masu sharar asibiti da direbobin hukuma, kowa rungume da fayil kamar jariri mai zazzaɓi. A taga ta huɗu akwai Misis Irizarry, mace mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a ka. Na fara gabatar da kaina yadda ya kamata. Ta ɗaga hannu ta ce akwai mutum arba'in a bayana.

Ta duba takardun, ta dube ni. "Wannan Gumersindo ne. Kai kuma Eleuterio."

Na yi bayani. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce daga garuruwan tudu ni ne na biyar a watan nan, har da wadda ta yi shekara uku tana dafa abincin makaranta a matsayin kakarta. Abin da ake buƙata takardar rantsuwa ce gaban lauya, daga ɗayan mutum biyu: mai sunan, ko wanda ya shugabanci aikin. A haɗa da dala dubu bakwai da ɗari uku da goma, a kawo kafin a rufe taga ranar Juma'a, ashirin da takwas ga Yuni.

"Mai sunan yana raye?"

Na ce yana raye.

"To ai ka huta, Don. Ɗaga waya."

Na ce shugaban aikin ma yana raye, kuma ya fi kusa. Ta sauko da tabaran ka ta ɗora a kan na hanci, ta dube ni ta cikin duka biyun, sannan ta kira sittin da huɗu.

Juma'a, 24 ga Mayu, da safe

Shekara biyu da wata biyu. Yau ma sai da gilashin ƙara girma na karanta sunan jariri, a ɓoye cikin aljihun tebur.

Asabar, 25 ga Mayu, da tsakar rana

Provi tana ɓare agade, tana magana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce adireshin yana nan a bayan katin da Ada ke aiko mata kowace shekara. Ta tuna mini abin da likitan ido ya faɗa, cewa na hagu ya tafi, na dama kuma yana ɗaure kayansa, kuma ba wanda zai riƙe magatakardan da ba ya ganin layi har wasu shekara goma. Na ce na sani.

"Gawa ɗari huɗu ka yi wa magana, Teyo. Rayayye ɗaya ya gagare ka."

Na ce ba ni na tafi ba, kuma ba ni na ƙi zuwa ba. Na tuna mata cewa a ranar jana'izar Mama garin nan kaf ya tsaya tare da ni, har bayan wata biyu aka wayi gari da dutsen marmara a kan kabarin, kyautar hukumar gari in ji Don Nico, domin girmama abin da na faɗa a wurin. Ba a taɓa yi wa wani gida haka ba, kafin nan ko bayan nan. Ta jefa ɓawo a kwano. Ta tambaye ni da kuɗin wa na yi makarantar koyon aikin ofis. Na ce wannan wata maganar ce, na fita duba kaji.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan coci

Na hau tudu wurin Don Nico. Shekararsa tamanin da huɗu, yana zaune a baranda da bargo a gwiwa, ƙafafunsa sun kumbura kamar gurasa. 'Yarsa ce ke kula da shi. Ya gane ni tun daga ƙofar shinge.

"Ga Sindo na jabu. Ka zo auna ni ne, ko ka zo gwada baitin a kaina tun ina ji?"

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce zai rantse da hannu biyu cewa na zo aiki kullum, amma kada a tambaye shi ko na yi aikin, domin bai taɓa ganin leburan da ya fi ni iya jingina da shebur ba. Ya ce wata huɗun Sindo na gaske sun fi shekara biyuna zurfi. Na yi dariya don ya kamata. Ya ce ba zai iya gangarowa gari ba, a kawo masa lauya gida, kuma a hanzarta, domin shi kansa yana da lamba a wani layin kuma yana jin ana kiran na gabansa.

Na sauko da sauƙin zuciya. Shafin farko na littafin nan zai iya zama yadda yake, rabin jimla a rataye.

Talata, 28 ga Mayu, da yamma

Bankin ƙungiyar ma'aikata ya amince da rance. Provi ta sa hannu. Lauya Pabón ya ce in rubuto abin da tsohon zai rantse a kai, shi kuma ranar Juma'a zai hau da hatiminsa. Abin ya zo da sauƙi.

Alhamis, 30 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Kwana biyu ina kan takardar rantsuwa. Na fara daga safiyar da Mama ta kai ni, da hazo kwance a kan gonakin kofi, da takalman Sindo da suka yi mini yawa har na cusa jarida a bakinsu. Na sa kabarin farko da na haƙa, na wata jaririya, wanda bai kai tsawon hannuna ba. Abin da aka daɗe ana binnewa, in an zo tono shi, ya cancanci a ɗago shi da ladabi. A gefen shafi wannan ya zo mini:

Na ba ƙasa ƙuruciyata da shebur,
ta haɗiye, ba ta ba ni rasit ba;
yau an ce in saye ta a kan tebur,
da sunan wanda bai haƙa ta ba.

Layi na huɗu ya fi sauran daɗi. Kullum layin da ya taɓa Sindo shi ne ke fin daɗi.

Juma'a, 31 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Pabón ya karanta shafin farko a tsaye, makullin mota a hannunsa. Ya juya na biyu, ya ƙirga sauran, ya zauna.

"Don Teyo, ofishin fansho za mu kai wannan, ba bakin kabari ba. Wa zai rantse a kan hazo?"

Ya ce layi goma ake so: wane ne, yaushe, a ina, da sunan wa. Ya ce sakatariyarsa za ta buga shi cikin minti biyar, mu hau tudu yanzu, mu dawo kafin ruwa. Na tattara shafukana huɗu na ce takardar da za ta ɗauki ƙuruciyata ba sakatariya ce za ta rubuta ta ba. Da hannuna zan rage. Ya buɗe littafin alƙawuransa ya nuna mini: rabin garin nan na rantsuwa a watan nan, ba shi da wata safiya sai Litinin, goma ga Yuni. Na ce akwai lokaci.

Provi ta tambaya ko an gama. Na ce lauya ya ɗaga.

Asabar, 1 ga Yuni, da hantsi

Na rage zuwa shafi biyu. Kamar yankan yatsu.

Litinin, 3 ga Yuni, da safe

Ruwa tun jiya. Shekara biyu da wata biyu. Na cire takalman Sindo daga takardar.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Layi goma cif. Ba hazo, ba jaririya, ba Mama. Na karanta, na ga abin da sakatariya za ta buga ke nan da na bar ta ranar Juma'a, kalma da kalma.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba ƙari, in hannuna ya yarda.

Na hau in karanta wa Don Nico layukan, domin kada Litinin ta zo masa da baƙon abu. Yau a gado na same shi. Ya saurara ido a rufe, ya ce daidai ne, kuma wannan ne karo na farko da ya ji na gama magana kafin ƙafarsa ta yi sanyi. Sai ya sa 'yarsa ta fita. Ya ce tunda jibi zai ɗora hannu a kan Littafi, akwai wata tsohuwar rantsuwa da ke tokare masa ƙirji, ya riƙe ta shekara goma sha tara, ba zai gangara da ita ba.

Ya ce in faɗi abin da na faɗa a ranar Mama. Na ce na manta. Ya ce ƙarya nake yi, garin nan kaf ya haddace. Shi ya faɗa, da wannan muryar da ta rage masa:

'Ya'ya biyu ta raina da guminta,
ɗaya ya tsaya yana share hawayenta,
ɗaya ya bi dala ya manta ƙofarta,
yau ga ƙasa, ɗaya ne ya zo rufe ta.

"Yana wurin," in ji shi.

Ya ce jirgi ya makara, motar haya kuma ta lalace a hawan dutse, Sindo ya ƙarasa da ƙafa. Bai bi ta babbar ƙofa ba, ya bi ta ƙaramar ƙofar leburori ta ƙasa, wadda ya sani, domin ta fi kusa. Ya iso bayan katanga, gindin bishiyar mangwaro, inda Don Nico ke jira da shebur, jaka a hannu, laka har gwiwa, daidai lokacin da na ɗaga hannu na fara. Ya ji duka. Ya ga kawunan mutane suna gyaɗawa. Don Nico ya kama hannunsa zai ja shi gaba, ya ƙi. Ya ce kada a ɓata wa yaron jawabinsa, ya yi kyau. Ya jira har kowa ya watse, ya karɓi shebur ya ƙarasa rufewa da kansa. Sannan ya ba Don Nico ambulan, ya ce a sa mata dutse mai kyau, a ce daga hukuma ne, ya sa shi ya rantse. Ya koma ta inda ya shigo.

"Hukumar gari," in ji Don Nico, yana dariya ba sauti. "Waɗanda ko buhun siminti ba su taɓa ba ni ba sai na yi wata uku ina bi. Kai kaɗai ne a garin nan za ka yarda da wannan, Teyo, don an ce saboda bakinka ne."

Ban san yadda na sauko ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ban je coci ba.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Pabón ya iso ƙofata ƙarfe bakwai da rabi, hatiminsa a jaka. 'Yar Don Nico ta riga shi da minti goma. Ta ce ya sha kofinsa, ya ce ya yi zaƙi, ya koma ya jingina, bai ƙara tashi ba. Gobe ƙarfe uku za a rufe shi, kuma ya bar wasiyya cewa ni zan sallami jama'a.

Pabón ya tsaya yana juya makulli a yatsa. Mutumin kirki ne. Bai ambaci ranar Juma'ar ba.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

An cika. Tsofaffin leburori, 'yan wasan domino na dandali, matan coci da laimominsu, har da waɗanda suka zo don jin abin da zan ce, domin mutumin da ya rufe rabin gari ba ƙaramin baiti zai samu ba. Ina da shi kuwa. Tun jiya ya zo mini da kansa, layi goma, a kan mai shimfiɗa wa kowa gado wanda yau aka shimfiɗa masa. Na san inda mata za su fara kuka, na san inda zan dakata in bar shiru ya yi aikinsa.

Na tsaya a kan tudun ƙasa, na ɗaga hannu. Daga nan ana hango katangar ƙasa da mangwaron. Shekara goma sha tara ina tsayawa a wurare irin wannan, ban taɓa duba can ba, kuma yau da na duba idon bai ba ni komai ba sai duhun ganye da wani fari-fari da zai iya zama mutum, zai iya zama bango.

Na ce sunansa Nicomedes Arocho. Na ce ya yi aiki shekara arba'in da ɗaya, kuma ya iya riƙe amana. Na ce dangi sun gode. Na sauke hannu.

Aka yi ta jira. Wani a baya ya ce, "Shi ke nan?" Wata ta ce ai ciwon ido ne ya taɓa masa kai. Provi ta zo ta kama gwiwar hannuna a gaban kowa, abin da ba ta yi ba tun ranar aurenmu.

Laraba, 12 ga Yuni, da safe

Na tambayi Provi ko ta sani. Ta ce Ada ta rubuto mata tun shekarar. Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ta fara sau uku, duk sau ukun na katse ta da labarin dutsen.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na kira taga ta huɗu. Misis Irizarry ta yi mini ta'aziyya a gajarce, ta ce saura ɗayan ke nan. Ya rantse gaban lauya a can inda yake, a buga hatimi, takardar ainihi ta iso hannunta kafin ƙarfe huɗu na ranar ashirin da takwas. Ba ta karɓar hoto, ba ta karɓar waya. Ta ce wasiƙar gaggawa kwana uku take yi zuwa, uku dawowa.

"Don, ban san abin da ke tsakaninku ba, kuma akwai mutum a gabana. Amma ko ni na ga masu ƙin gaisawa sun sa wa juna hannu a watan nan."

Daga ofis na wuce maƙabarta, na bi ta ƙofar leburori. Na durƙusa na shafa dutsen da tafin hannu, tunda da ido ba na samun haruffan. Monserrate Cuevas, sai shekaru, sai layi ɗaya a ƙasa: daga 'ya'yanta. Sau nawa na karanta wannan ina cewa mai sassaƙa ne ya yi kuskure.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Yaya, na koma shafin farko in ƙarasa jimlar da na bari a rataye, na ga duk abin da zan ɗora mata ado ne. Saboda haka littafin zan aiko maka yadda yake, ban yage ko shafi ɗaya ba, har da baitin ranar Alhamis wanda ya kamata in ƙona, har da inda na fita duba kaji. Ba don kai na rubuta shi ba, shi ya sa za ka iya yarda da shi.

Ka ga abin da nake nema. A cikin ambulan akwai layi goma. Babu ƙarya a cikinsu, babu kuma abin da zai taɓa ka. Pabón ya tabbatar mini. In ka yarda, ka kai wa lauya, ka rantse cewa daga watan da ka hau jirgi ƙanenka ne ke amsa sunanka a maƙabarta. Na san yadda abin yake: na ci da sunanka shekara biyu da wata biyar, na yi karatu da guminka, sannan na tsaya a kan kabarin uwarmu na binne sunan a gaban gari kana ji, yau kuma na dawo ina roƙon ka ara mini shi karo na biyu. Da ina da wata ƙofar da ban zo ba, kuma wannan ma ka karanta da idonka. Ba zan ce nadama ce ta fara kawo ni ba. Fansho ne ya kawo ni. Nadamar a hanya ta same ni.

Ranar Lahadi bayan coci zan tsaya a dandali in faɗi wanda ya rufe Mama da wanda ya sa mata dutse, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba. A layi biyu zan faɗa.

Gidan waya na buɗewa ƙarfe takwas, Provi ta riga ta sa takalmi. Ina roƙonka amsa a rubuce, kuma da gaggawa, domin tagar tana rufewa ranar ashirin da takwas, idon kuma ban san ranar da ya sa wa kansa ba. In ba za ka rantse ba, na fahimta, amma ka rubuto duk da haka. Ko sunanka kaɗai ka sa a farar takarda, da manyan haruffa, irin naka masu tsayuwa kamar turaku, in gan shi sau ɗaya ba tare da wutsiyar da na yi masa ba.

Ƙanenka,
Teyo